Wa Ya Taɓa Fiyanon Nan? Ku Tambayi Hunturu

Na san halinku, mutanen kudancin Kano. Tun kafin ku gama karanta kan maganar nan wani ya riga ya taɓe baki. Na Kiru zai ce, "To fa! Taki ya gagari Kundila, fetur ya yi fiffike, shi kuma wannan bawan Allah fiyano ne damuwarsa." Na Bebeji ba zai ce uffan ba sai ya ji farashi. Na Tudun Wada zai tambaya ko ana cin abin da miya. Na Doguwa kuwa cewa zai yi su ba sa neman makaɗi, in Disamba ta yi haƙoransu ma sun ishe su kiɗa. Duk na ji, ban kuma yi fushi ba. Ku gyara zama.

Bikin da aka yi a unguwarku bayan sallah, da me aka cashe? Kalangu? Ku ji tsoron Allah. Lasifika aka kafa, aka saki waƙar da aka haɗa a situdiyo a Zoo Road, kuma gangar da kuka ji a ciki da sarewar da algaitar duk daga akwati ɗaya suka fito, shi ne fiyano. Tun zamanin fim ɗin Sangaya a 1999 kiɗan nan ya shige mana ɗaka ya miƙe ƙafa. Mawaƙan fim sun rungume shi, sha'irai da yawa sun karɓe shi, a coci ranar Lahadi shi ke jan mawaƙa, in zaɓe ya ƙarato kuwa har dattijon da ya rantse ba ya son kiɗa za ka gan shi yana gyaɗa kai in motar kamfen ta gifta. Abin da ke shiga kunnenku kullum safiya, ai bai kamata ku ce baƙonku ba ne.

Abin da nake so mu yi shi ne mu buɗe cikinsa da Hausa. Dalili kuwa, duk ranar da irin wannan kaya ya samu matsala, mai shi yakan tsaya gaban mai gyara kamar an kai baƙauye birni. Mai gyara ya zuba Turanci, ya kaɗa kai, ya ja tsaki, ya faɗi kuɗi. Mai kaya ya biya, ya tafi yana ƙunƙuni, bai san abin da ya saya ba. Ni kuwa na ce babu wani abu a cikin fiyano da Hausa ta kasa ɗauka.

Fiyano iri biyu ne. Akwai na lantarki, wanda samarinku ke saɓawa a kafaɗa, za mu dawo kansa. Akwai kuma na asali, na katako, wanda ake samu a manyan coci-coci da makarantu da zaurukan kiɗa irin na MUSON a Legas. Wani Ba'italiye ne ya fara ƙera shi, Bartolomeo Cristofori, a birnin Fulorans wajen shekarar 1700. Ba ya shan wuta, ba ruwansa da an kawo ko an ɗauke. Na yanzu madannai 88 gare shi, farare 52, baƙaƙe 36. In ka ɗaga murfi ka leƙa, za ka ga tsirkiyoyin ƙarfe kimanin 230 a jere, masu kaurin an naɗe su da jan ƙarfe. Kowane madanni da 'yar gudumarsa mai kan curarren gashin tumaki. Ka danna, guduma ta daki tsirkiya ta ja da baya nan take. Tsirkiya ta yi rawa. Jakin da take hawa, irin ɗan katakon nan da ke ƙarƙashin tsirkiyar garaya, ya miƙa rawar ga wani faffaɗan allon katako, allo ya tura iska, ka ji murya. Ka saki madanni, wani ɗan ulu ya dafe tsirkiyar ta yi tsit. Baba na Kiru, wane aljani ka gani a nan? Ɗan Maraya Jos da tsirkiya ɗaya ya ci abinci a duniya, wannan kuwa an tara masa 230 ne aka sa a akwati.

Kowace tsirkiya an ja ta da ƙarfin kilo 70 zuwa 90. In aka haɗa duka, tan 18 zuwa 20 ke nan. Mutumin Tudun Wada, na san lissafi ba ya shigarka sai da buhu, to buhun shinkafa mai kilo 100 guda 180 zuwa 200, suna jan akwatin nan dare da rana, shekara da shekaru, ba hutun Juma'a. Shi ya sa aka yi masa ƙashin baya na zubin ƙarfe, shi ya sa kuma ƙarti huɗu ke nishi kafin su gusar da shi. Kowace tsirkiya an naɗe bakinta a jikin wata ƙusar ƙarfe da aka kafa cikin katako mai tauri. Matsewar katakon nan kaɗai ke riƙe da ƙusar. Ku riƙe wannan, za ta yi mana amfani in mun isa Bebeji.

Yanzu ga rigimar da ta fi kowace yawa tsakanin mai saiti da mai kaya. Hajiya, shugabar wata makaranta, ta kira shi ranta a ɓace.

"Malam, bara fa ka zo na biya ka. Wallahi tun da ka tafi ba wanda ya taɓa shi, a rufe yake da zani. Yanzu an buɗe yana kuka kamar akuya. Ko dai aikinka ne bai yi ba?"

Mai saitin da bai san ciwon kansa ba zai fara rantse-rantse, ko ya ɗora wa yara laifi. Wanda ya iya bakinsa kuwa cewa zai yi, "Hajiya, ƙofar ofishin nan ta katako, a watan Agusta tana rufuwa da daɗi?"

"Ina! Sai an sa kafaɗa."

"A Janairu fa?"

"Har haske ake hangowa ta gefenta."

"To, ranki ya daɗe, wa ya taɓa ta?"

Magana ta ƙare, ruwa ba ya tsami banza. Allon katakon da ke cikin fiyano yana da ɗan doro. Da damina ya sha laima ya kumbura, doron ya taso, ya tura jaki, tsirkiya ta ƙara ɗamewa, murya ta hau. Da hunturu ya bushe ya lafa, tsirkiya ta saki, murya ta sauka. Da a ce duka tare suke hawa su sauka tare, da ba mai ganewa. Sai dai na tsakiyar allo sun fi na gefe motsi, nan rashin jituwar ke shigowa. Masu ƙera fiyano sun fi son laimar iska ta tsaya wajen kashi 45 cikin 100. A ƙasar Kano kuwa, da hunturu takan faɗi ƙasa da kashi 20, a Agusta ta doshi 80. Mutanen Doguwa, ku da ruwanku ya fi na birni yawa, ga duwatsun Riruwai ga dajin Falgore, naku ya fi na kowa shan wahala. Na gefen dam ɗin Tiga ma kada su yi dariya. In maƙwabtanku Zazzagawa sun ce su nasu bai taɓa sauka ba, ku ƙyale abokan wasanmu, kunnen da har yau bai raba "ya zo" da "ta zo" ba, ina zai ji saukar tsirkiya?

Abin ma ai ba sabo ba ne a wajenku. Wa bai taɓa ganin mai ganga ko mai bandiri da damina ya kara fatar da wuta ba, yana juyawa, yana ɗan ƙwanƙwasawa da yatsa yana kasa kunne, har sai ta yi masa kukan da yake so? Saiti ke nan. Bambancin shi ne fata in ta sha laima faɗuwa muryarta take yi, fiyano kuwa hawa yake. Ba wanda ya taɓa ce wa mai ganga, "Jiya ma ka gasa ta, yau kuma me ya faru?" Amma mai saitin fiyano ya ce a kira shi sau biyu a shekara, sau ɗaya in damina ta zauna, sau ɗaya in hunturu ya kankama, sai ku ce ɗan damfara ne.

Bari in nuna muku shi a bakin aiki. Jakarsa ba ta kai ta wanzami nauyi ba: sifana mai dogon mariƙi, ƙyallen ulu, 'yan robobi masu tsini, da wani ɗan ƙarfe mai yatsu biyu. Farkon abin da zai roƙa shi ne shiru. A kashe janareta, a kashe fanka, a kori yara, masu daka su dakata. Ya buga ɗan ƙarfen a gwiwarsa ya kai kunne. Ƙarfen nan yana rawa sau 440 a daƙiƙa ɗaya, ma'aunin da aka amince da shi a wani taro a Landan a 1939, kuma da shi ake daidaita madanni na 49. Daga wannan ɗaya sauran duka za su samu matsayinsu.

Yawancin madannai tsirkiya uku-uku gare su, guduma ɗaya ke dukansu tare. Sai ya cusa roba ya toshe biyu, ya ɗora sifana a kan ƙusar ta ukun, ya saita ta. Sannan ya zare roba ɗaya ya buga. In tsirkiya biyu ba su yi daidai ba, murya takan yi karkarwa, wau-wau-wau, da sauri in sun yi nisa da juna. Ya ɗan taɓa sifanar, motsin da ido ba ya ma gani. Karkarwar ta ragu, wau, can kuma wau. Ya ƙara taɓawa. Sai ka ji ta miƙe sumul, biyu sun zama ɗaya. Ya daki madannin da ƙarfi don tsirkiyar ta zauna, kada ta zame ranar da makaɗi ya yi zuciya. Haka zai bi su ɗaya bayan ɗaya, awa ɗaya da rabi ko biyu.

A nan ne Baba na Kiru, wanda ya yi shiru har ya gaji, zai ce, "Yaro, tun ɗazu abu ɗaya kake ta bugawa, tin, tin, tin. Ko dai ba ka iya ba ne? Ka ɗan yi mana ta Shata mana." Baba, Allah ya ja kwana, ba makaɗi aka kira ba. Masu saiti da yawa ba gwanayen kiɗa ba ne, jarinsu kunne da hannu. A Faransa ma wani makaho, Claude Montal, shi ya yi fice a sana'ar har ya wallafa littafi a kanta a 1836, daga nan ta zama sana'ar da ake koya wa makafi a ƙasashe da dama. In mai saitin yana da wayo, zai kira Baban ya ce, "Matso kusa, Baba, ka ji wannan." Ya buga mai karkarwa, ya gyara, ya sake bugawa. Duk mai kunne zai ji bambancin. Daga ranar Baba ya zama ɗan gari, gobe shi zai riƙa yi wa mutane bayani a majalisa kamar shi ya ƙera abin.

Na hango ɗan samarin Kwanar Dangora yana ɗaga waya: "Ai akwai manhaja, ta nuna maka komai kyauta." Gaskiyarka, ƙanena, akwai, ƙwararru ma suna amfani da irinta. Waya za ta gaya maka murya ta hau ko ta sauka. Amma ƙusar nan in ka murɗa ta takan ɗan lanƙwashe kafin gindinta ya motsa, in ba ka iya zaunar da ita ba, kafin ka kai bakin titi ta koma inda take. In kuma ka ɗora sifana a ƙusar da ba ita ba, kana ta ja kana mamakin me ya sa allurar wayarka ba ta motsi, sai ka ji tas! Tsirkiya ta tsinke, kuma ba a Kafin Maiyaki ake sayar da ita ba.

Allah ya gafarta Malam, na ga tun ɗazu kana kallona ta saman tabarau. Hukuncin kiɗa naku ne malamai, ban isa in sa baki ba, ni katako da ƙarfe nake magana a kai. Amma akwai wani lissafi a nan da na tabbata kai za ka riga kowa ganewa, don haka ka ba ni aron kunne.

Mai kaya yakan ce, "Ina so ka yi mini shi daidai ɗari bisa ɗari." Mai saiti na gaskiya zai amsa, "Alhaji, wannan kam ba a taɓa yi ba, ba kuma za a yi ba." In ka danne tsirkiya a tsakiya, rawarta takan ninka biyu, ka ji murya guda amma ta sama, irin yadda namiji da mace ke rera waƙa ɗaya. In ka danne ta yadda kashi biyu cikin uku ne zai yi rawa, rawar takan ƙaru da rabi, murya ce daban amma kunne na jin daɗin haɗuwarsu. To tashi daga madanni na farko. Ka hau ta hanyar ninki biyu har sau bakwai, ka samu 128. Ka sake tashi ka hau ta hanyar ɗaya da rabi har sau goma sha biyu, ka samu 129.7. Duk hanyoyin nan biyu a madanni na 85 suke sauke ka. Madanni ɗaya, amsa biyu. Rabo ya fi dukiya yawa.

Malam ya riga ya yi murmushi, don ya tuna da auli. Mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai: miji rabi, su kuma kashi biyu cikin uku. Uku cikin shida da huɗu cikin shida, bakwai ke nan, alhali shida ake da su. Tun zamanin Sayyidina Umar aka warware: ba a hana wani don a cika wa wani, sai a mai da asalin bakwai, kowa ya ɗan ragu gwargwadon rabonsa. Ba haɗa su nake ba, Malam, lissafin kawai na ara. Haka mai saiti yake yi. Ya ɗauki rarar nan ya raba ta goma sha biyu, kowane mataki ya ɗan tsuke shi da abin da bai wuce kashi ɗaya cikin hamsin na tazarar madanni da maƙwabcinsa ba. Kowa ya yi asara kaɗan, ba wanda ya yi kuka. In ya ƙi yin haka ya cika wa wasu cif, sai rarar ta taru a wuri ɗaya, duk makaɗin da ya taka wurin ya ji kamar kare ya yi haushi a cikin akwatin.

A nan kam ku masu taɓe baki kuna da abin cewa, ba zan hana ku ba. Mai kukuma irin Ahmadu Doka ba shi da wannan matsalar, yatsansa na iya tsayawa ko'ina a jikin tsirkiya, har tsakanin madanni da madanni inda fiyano ba shi da ƙofa. Mai kalangu ma da matsa hammata yake hawa da sauka yadda harshe ke yi. Ku yi alfahari da wannan, halak ɗinku ne. Amma ku yi shi da sani.

Mutanen Bebeji, na ga haƙurinku ya kusa ƙarewa. Garin da ya haifi Alhassan Ɗantata a 1877 ba a yi masa dogon zance ba a zo kan kuɗi ba, ga kuma makarantar lauyoyi a Bagauda ta ƙara muku iya tambaya. Farashi ba zan yanka muku ba, wannan tsakaninku da mai aiki ne. Abin da zan ba ku shi ne sanin me kuke saye, don aiki uku ne mabambanta ake cusawa cikin kalmar gyara.

Na farko saiti, wanda muka gama gani, ƙusa da tsirkiya kawai ya shafa. Na biyu gyaran injin: tsakanin yatsanka da guduma akwai dubban 'yan ƙananan katakai da ulu da fata. In madanni ya maƙale ya ƙi tasowa, galibi laimar damina ce ta kumbura shi. In wani ya fi wani tauri ko zurfi, ulun ƙasansa ne ya cinye. Saiti ba ya maganin wannan. Na uku gyaran guduma: dukan shekaru yakan sa kanta ya taurare, tsirkiya ta yi mata tsaga, murya ta koma ƙarau-ƙarau kamar ana dukan kwano. Sai a goge kan, a tsattsaga shi da allura ya yi laushi. Duk wanda ya ce maka "zan gyara," ka ce, "Wanne daga ciki?"

In kuma ya ce fiyanon da ya shekara biyar ba saiti sai an zo masa sau biyu, kada Alhaji ya kama aljihu. Murya ta riga ta faɗi gaba ɗaya. Yana jan na dama, nauyin da ya ƙaru yana danne allo, na hagun da ya gama suna sauka. Dole ya bi su duka a gurguje ya ɗago su kusa, sannan ya dawo ya bi a tsanake. Araha ba ta ado, wanda ya yi ta tsallake kuɗin saiti duk shekara, a dunƙule zai biya.

Sai gargaɗi ga masu son taimako. Akwai ɗan'uwa a kowane gida wanda ya yi imani babu cutar da baƙin mai ba ya warkarwa. Ya ga tsatsa a ƙusoshi, ya ɗauko gwangwani. Ku riƙe hannunsa. Na ce muku matsewar katako ce kaɗai ke riƙe da ƙusa, ranar da mai ya shiga ramin, tsirkiyar ta daina tsayuwa ke nan. Kada a jingina fiyano da taga ko bangon da rana ke duka. A riƙa buɗe shi ana dubawa, don ɓera yana son ulu ya yi sheƙa, asu na cin gudumomi, gara kuwa kun san ba ta neman izini. Wanda kuma ya ga fiyanon gwanjo daga Turai da araha a hoton waya, ya tuna da cinikin biri a sama. Katakon da ya shekara sittin a ƙasa mai laima, hunturu ɗaya na iya sassauta masa ƙusoshi ko ya tsaga allon. In katakon ƙusoshin ya tsage ko zubin ƙarfen ya fashe, kuɗin gyara ya fi kuɗin kayan. Mai saiti mai tsoron Allah zai ce, "Alhaji, wannan ya gama aikinsa, a sa masa labule a ɗora hoto." Maras tsoro zai riƙa zuwa duk wata yana karɓar na cefane.

Yanzu ga naku, samari, na lantarki. Ku buɗe kunne da kyau: babu tsirkiya ko ɗaya a cikinsa. Muryoyin an naɗe su ne an ajiye a ƙwaƙwalwar na'ura, hunturu bai san hanyarsu ba. Duk wanda ya karɓi kuɗinka da sunan zai ɗaure wa fiyanon lantarki tsirkiya, ya sayar maka da iska. In mawaƙiya ta ce yau murya ta yi mata sama, duba allon, wataƙila wani yaro ya danna maɓallin ɗaga murya, ka mai da shi sifili, ka ajiye kuɗinka.

Cututtukansa daban ne. Madanni ya yi shiru, ko kuma ya riƙa ihu ko da a hankali ka taɓa shi: ƙura ce ta shiga ƙarƙashin robar da ke bayan madannin, a kwance a goge, in ta yage a sake. Ya mutu gaba ɗaya bayan biki: tambayi wanda ya ari adaftar wani abu ya soka masa, ko wanda ya tayar da janareta alhali yana jone. Murya na ɓata tana dawowa in an taɓa waya: likin dalma ne ya saki a bakin ramin. Mutanen Riruwai ma su daina cewa ba ruwansu, dalmar da ake wannan liki da ita fiye da rabinta kuza ce, irin wadda aka daɗe ana haƙa a duwatsunsu. Sauran kuwa kyankyasai ne da lemon kwalbar da aka ɗora a kai. Mayafi na ɗari biyar ya fi mai gyara na dubu goma.

Ku ɗan duba tambarin da ke jikinsa in Yamaha ne, ku je ku duba na tankin babur ɗin Yamaha. Ƙarfen nan ne mai yatsu biyu na mai saiti, guda uku a gicciye. Wanda ya kafa kamfanin, Torakusu Yamaha, mai gyaran agogo da kayan asibiti ne. A 1887 aka kira shi ya duba wani abin kiɗa mai aiki da iska da ya lalace a wata makarantar firamare a garin Hamamatsu na Japan. Ya buɗe, ya gane cikinsa, ya gyara, ya ce shi ma zai iya ƙerawa. A 1900 ya fitar da fiyano, babur sai a 1955. Ɗan acaɓan da ke yi mini dariya, ashe shekara da shekaru kan tambarin mai saitin fiyano yake zaune.

Saura ku masu gyara, kada ku ɗauka kun tsira. Da yawanku kun mai da Turanci katanga, kuna ganin in mai kaya ya gane abin da kuka yi, kuɗinku zai ragu. Kun yi kuskuren lissafi. Wanda bai gane ba shi ke zarginka, shi ke rage maka kuɗi, shi ke kai kayan wajen wani gobe. Hajiyar da aka yi wa misali da ƙofarta kuwa, da kanta za ta kira ka in damina ta zauna, ta kuma turo maka ƙawayenta. In ka kasa faɗa wa tsohuwa da Hausa abin da ya lalace, ɗayan biyu ne: ko kai ma ba ka sani ba, ko kana da abin ɓoyewa.

Ku kuma masu kaya, tambaya uku na bar muku. Me ya lalace, nuna mini da yatsa. Me ya jawo shi. Me zan yi kada ya sake. In ya amsa da harshen da kakarka za ta gane, ka biya shi ba tare da ja-in-ja ba, har da na Bebeji nake. In ya hau in'ina da baƙin Turanci, ka ba shi ruwa ya sha ka raka shi ƙofa. Kuma tun da kun rantse ba ku da fiyano, to ku gwada su gobe a kan mai gyaran waya, da makanikin injin ban-ruwa, da mai kemis ɗin da ke haɗa muku ƙwaya kala biyar a leda ba suna. Wanda ya dawo da amsa uku cikakku daga wajen mai kemis, goronsa na wuyana.